Sabuwar kwamfutata ta ƙi ganin katin girafik, ga yadda muke ciki

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau na gama haɗa ta. Wajen awa biyar na yi zaune a ƙasa da sukuddireba a hannu, bayana har yanzu ciwo yake. Abin da ke ciki: Ryzen 5 7600, madabod mai B650, ram DDR5 sanda biyu, ma'ajiyar bayanai ta NVMe guda ɗaya, PSU, wato akwatin da ke ba da wuta, mai wat 650, sai katin girafik RTX 4060 wanda dama saboda shi na shiga duk wannan hidimar. Akwatin irin mai gilashi a gefe ne, kuma tun kafin in sayi ko sukuru ɗaya na ƙudurta a raina cewa a tsaye zan ɗaura katin, fankokinsa na kallon gilashi, ba a kwance yadda kowa ke yi ba. Ina da ƙarfen da ake tsayar da kati da kebul ɗin raiza, wato wayar da ke haɗa katin da raminsa na madabod, tun na tsohon akwatina, suna cikin kwali sun yi shekaru, na karkaɗe ƙura na ɗaura.

Na danna maɓalli, fankoki suka tashi, sai ƙaramar fitilar DRAM ta kama ta ƙi mutuwa kusan minti biyu. Gabana ya faɗi, amma na tuna madabod mai soket ɗin AM5 irin tawa haka take a tashin farko, sai ta gama gwada ram ɗin tukuna. Ta wuce, BIOS, wato shafin saitin madabod, ya fito. Monitar a HDMI ɗin madabod na jona ta don shi ne ramin da hannuna ya fara kaiwa, na sa Windows daga filash, komai lafiya lau har ina ta yabon kaina.

Sai da dare na cire wayar HDMI na mayar da ita jikin katin. Baƙin allo. Monita ta rubuta babu sigina ta koma barci. Na kashe na kunna, haka. Na ce bari in kwanta, gajiya ce.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Ba gajiya ba ce.

Na mayar da waya kan madabod na shiga Windows na buɗe Device Manager. A ƙarƙashin Display adapters abu ɗaya ne kawai, ƙaramin girafik ɗin AMD da ke cikin furosesa. Katin babu shi babu alamarsa. Kuma wannan shi ne abin da ya fi tayar min da hankali, don da a ce ya fito da alamar ɗorawa a jikinsa da Code 43, ko ya fito da sunan Microsoft Basic Display Adapter, da na san kwamfuta ta gan shi, wataƙila direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, shi ne matsalar. To wannan ko ganinsa ba ta yi ba, sai kace ban saka komai a ramin ba. Na danna a nuna ɓoyayyun na'urori, na sa ta sake laluben kayan da ke jiki, shiru.

Duk da haka na sauke direban NVIDIA na gwada, ka san halin ɗan Adam. Ya fara kamar zai yi, sai ya tsaya ya ce bai samu katin da ya dace ba. Da gaskiyarsa, ina zai sa direba ga abin da ba ya nan.

Na canza HDMI da DisplayPort, na gwada duk ramukan da ke bayan katin ɗaya bayan ɗaya, na canza wajen shigar sigina a monita da hannu. Babu. In monita na jikin katin, fitilar VGA ta madabod sai ta tsaya a kunne, fitilun nan huɗu ne, CPU da DRAM da VGA da BOOT, duk inda ta tsaya nan abin ya maƙale.

Abu ɗaya da na gode wa Allah a kai shi ne furosesan nan yana da nasa girafik. Da irin su Ryzen 5 5600 na saya, ko Intel masu F a ƙarshen sunansu, da yanzu a makance nake aiki, ko BIOS ba zan gani ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Yau wuta na bi. Na cire filogi daga bango, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, sannan na sa hannu.

Lissafin ba wuya. Ramin PCIe, inda ake soka kati, da kansa yana ba da wat 75, waya mai fil 6 tana ƙara 75, mai fil 8 tana ƙara 150. Katin nan wat 115 kacal yake ci, waya ɗaya mai fil 8 yake so, PSU na 650 ya ishe shi har da ragi mai yawa. Saboda haka ba maganar ƙarancin wuta ba ce, sai dai in wayar ce ba ta zauna ba. Na zare ta na haska da tocilan ɗin waya. Irin mai rabewa 6 da 2 ce, kuma ƙaramin ɓangaren nan na fil 2 yana da wata 'yar leɓa da dole ta shige ƙarƙashin babban kafin a tura, in ba haka ba sai ya tsaya a sama mutum bai sani ba. Nawa daidai yake. Na tura har na ji ƙas. Na duba ɗaya gefen da ke jikin PSU ma, yana ramin da aka rubuta PCIe. Na kuma tabbatar ban ɗauko wayar CPU ba, mai rabewa 4 da 4, don a ido suna kama amma tsarin filolinsu daban ne, inda ɗaya ke da bolt 12 ɗayar ground ce, wato layin da wuta ke komawa, in ka matsa da ƙarfi ka shigar da ita to ka jawo wa kanka. Wayoyin duk na cikin kwalin wannan PSU ɗin ne, ban haɗa da na tsohon ba, wannan kam na daɗe da sanin ba a yi.

Na kunna. Fankokin katin suka juya na daƙiƙa kaɗan suka tsaya. Da farko na ɗauka wata alama ce, daga baya na tuna katunan yanzu da yawa ba sa juya fanka sai sun yi zafi, wato juyawarsu ko tsayuwarsu ba ta gaya maka komai. Abin da na iya fahimta kawai shi ne wuta na isa gare shi.

Na zare katin daga ramin raiza na goge haƙoransa masu ruwan zinare, na mayar har makullin ya rufe. Na danna ɗaya kan raizar da ke cikin madabod, a ramin sama yake, wanda layukansa ke zuwa kai tsaye daga furosesa. Ya zauna daram. Babu canji.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Jiya ban taɓa ta ba, haushi nake ji.

Yau BIOS na shiga. Na samu wajen zaɓar wanda zai fara ba da hoto, na ɗauke shi daga Auto na sa ramin PCIe. Na kunna CSM na gwada, na kashe na gwada. Above 4G Decoding da Resizable BAR su ma na kunna na kashe. Kowane canji sai na adana, na kashe, na mayar da waya jikin kati, na kunna, na kalli baƙin allo, na dawo da waya madabod, wallahi na yi wannan zagayen ya fi sau goma har na fara jin tsoron kar ramin HDMI ɗin ya saki. Akwai shafin da ke nuna abin da ke cikin kowane rami, ramin farko an rubuta babu komai a ciki.

Na goge CMOS, wato inda madabod ke ajiye saitin BIOS. Na cire batirin CR2032 ɗin na bar shi a waje minti biyar, na kuma haɗa filoli biyun nan na gogewa da bakin sukuddireba. Ta tashi, ta sake zaman gwada ram, ta dawo yadda take.

Don in cire Windows daga cikin waɗanda nake zargi na sa Linux a filash na tashi da shi ba tare da na girka ba, na buga lspci, umarnin da ke jero na'urorin da ke jiki. Ya jero min komai, NVMe, katin intanet, USB, ƙaramin girafik na AMD. Babu layin da ke da NVIDIA ko ɗaya. To magana ta fita daga direba da Windows kwata-kwata, a ƙasa abin yake, tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Har na sauke DDU da niyyar share direbobi, na bar shi, me zan share.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ƙanena ya zo da tsohon katinsa GTX 1050 Ti, na 2016, wanda ko wayar wuta ba ya buƙata, da wat 75 na rami yake rayuwa. Na cire nawa na sa nasa a wuri ɗaya, kan raiza ɗaya, ban canza komai ba. Na danna maɓalli. Tambarin madabod ya fito tar a monita. Windows ya tashi, Device Manager ya nuna shi nan take.

Ya kalle ni ya ce, Yaya ai magana ta ƙare, katinka ne matacce, ka mayar musu tun kwanakin mayarwa ba su wuce ba. Ni ma abin da na gani kenan. Rami ɗaya, raiza ɗaya, PSU ɗaya, wannan ya yi wancan ya ƙi, me ya rage? Na ɗauko kwalin katin da ledarsa, na nemo rasit, har na fara rubuta musu saƙo mai zafi. Ban dai tura ba, na ce sai da safe.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Gara da ban tura ba.

Da safe na ce kafin in naɗe shi bari in kai shi kwamfutar ƙanen nawa in gwada, don in samu bakin cewa na gwada a inji biyu duk ya ƙi. Tasa kwamfutar tsohuwa ce, babu raiza babu gilashi, muka soka shi kai tsaye a rami muka jona masa wuta. Ya kawo hoto. Muka sa direba, ya shiga salin alin, muka buɗe wasa ya yi ta gudu sama da rabin awa ko gezau. Ƙanena ya ce, Yaya ko dai ka bar min shi ka riƙe nawa, da alama ni yake so.

Na dawo da shi kaina a ɗaure. Kati lafiyarsa ƙalau. Rami lafiyarsa ƙalau tunda ya ɗauki tsohon kati. To su biyun ne ba sa shiri? Na fara tunanin abubuwa marasa daɗi, ko na lanƙwasa fil a soket ɗin furosesa, don AM5 filolin a madabod suke, 1718 ne, kuma layukan ramin sama ta cikinsu suke bi, in ɗaya ya karkace zai iya kashe wani layi. Ko na ɗaure kula, wato abin sanyaya furosesa, da ƙarfi fiye da kima ta danne furosesa ta gefe ɗaya. Amma in haka ne me ya sa 1050 Ti ya yi aiki? Da wannan tambayar na kwana.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na kwance komai, na fito da madabod daga akwati na ɗora ta kan kwalinta a tebur, furosesa da kula da ram sanda ɗaya da PSU a gefe, na soka katin kai tsaye a ramin sama ba raiza. Na haɗa filolin kunnawa da bakin sukuddireba.

CPU, DRAM, VGA, BOOT, fitilun suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Hoto ya fito ta jikin katin.

Na zauna ina kallon kebul ɗin raizar nan da ke yashe a gefe, baƙi, mai faɗi kamar bel. Na ɗauko shi na juya, a jikin ƙaramin allon da ke ƙarshensa an rubuta da ƙananan baƙaƙe PCIE 3.0. Mako guda yana gabana, na danna shi, na goge shi, na duba ko ya zauna, ban taɓa karanta abin da ke jikinsa ba.

Yanzu komai ya fito fili. In kwamfuta ta tashi, kati da furosesa sai sun fara gaisawa su daidaita gudun da za su yi magana da shi. Suna farawa a mafi ƙanƙanta, GT/s 2.5 na PCIe na farko (GT/s ma'aunin gudun hanyar ne), sannan kowa ya faɗi iyakar ƙarfinsa su hau sama. PCIe 3.0 da ya fito a 2010 yana tafiya a GT/s 8 kowane layi, 4.0 na 2017 ya ninka zuwa 16. Katina na 4.0 ne, ramin B650 ɗina na 4.0 ne, to su biyun sun yarda su hau 16. Ita kuwa raiza waya ce kawai, ba ta da baki, ba wanda ya tambaye ta kuma ba ta da hanyar cewa ni fa a 8 aka gina ni. Sigina ya ninka gudu ya bi ta doguwar wayar da ba a yi ta don haka ba, ya lalace a hanya, gaisuwar ta watse. A ƙa'ida ya kamata su sauko ƙasa su daidaita a inda waya za ta iya, wasu injinan suna yi, wasu kuma hoto ya zo yana ɗaukewa, nawa dai gaba ɗaya ya ce babu kowa a ramin.

Kuma gwajin ranar Alhamis da na ɗauka shi ne hujja mafi ƙarfi, shi ne ya ɓatar da ni. 1050 Ti kati ne na 3.0, bai taɓa neman hawa 16 ba, ya tsaya a 8 inda raizar ke jin daɗi. Na ɗauka abu ɗaya na canza, ashe biyu na canza, katin da kuma gudun hanyar. Kwamfutar ƙanena kuma babu raiza a cikinta. Kowane gwaji gaskiya ya faɗa min, ni ne na karanta shi a baibai, har na kusa zagin mutanen da ba su ci ba ba su sha ba.

Tana kan kwalin na shiga BIOS na nemo gudun ramin farko, yana can cikin saitin PCIe a binne, na ɗauke shi daga Auto na sa Gen3, wato gudun 3.0. Na adana, na kashe, na sa raiza a tsakani, na kunna. Hoto. Na mayar da komai cikin akwati, wata awa uku, katin ya tsaya yana kallon gilashi yadda na so tun farko, kuma yana aiki.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Direba ya shiga ba gardama. Na buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, na duba Bus Interface, sai na ga x8 1.1, na ce yau kuma me. Ashe in kati ba ya aikin komai yana sauke gudun hanyar ne don tsimin wuta. Akwai 'yar alamar tambaya a gefen wajen, na danna ta fara ɗan gwaji, nan take ya koma x8 3.0.

Wannan x8 ɗin ba laifin raiza ba ne, haka aka yi 4060, layi 8 kawai yake amfani da su duk da haƙoransa sun cika tsawon rami. Amma nan ne abin ya ɗan dame ni. Layi 8 a 4.0 kusan GB 16 ne a daƙiƙa, a 3.0 kuma bai kai 8 ba sosai. Da kati mai layi 16 ne da ban damu ba, don x16 a 3.0 daidai yake da x8 a 4.0. A yawancin wasanni ban ga wani bambanci da ido ba gaskiya, amma katin GB 8 kawai yake da shi na ƙwaƙwalwa, in wasa ya cika ta dole ya riƙa kai da kawo da ram ta wannan hanyar da na rage wa faɗi da rabi, a nan ne ake jin ƙugi. Na yi odar raiza ta 4.0, gajeriya, don a wannan harkar duk santimita ɗaya da ka ƙara asara ce ga sigina.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na sabunta BIOS yau, da ƙafata na je na nemo, babu wanda ya aike ni. Ta gama, ta sake tashi, baƙin allo, fitilar VGA a kunne. Na yi kusan minti ɗaya zuciyata na bugawa ina tunanin na kashe madabod, kafin na tuna sabuntawa tana mayar da duk saiti yadda ya zo, Gen3 ɗina ya koma Auto. Waya ta koma HDMI ɗin madabod, na shiga na gyara, na sake kunna EXPO, saitin gudun ram, da shi ma ya goge. Wanda furosesansa ba shi da girafik a nan sai ya kwance kati daga raiza ya soka a rami kafin ya ga BIOS, duk lokacin da aka goge CMOS ko batiri ya mutu haka zai yi ta yi. Na yanki farin tef na rubuta Gen3 na manna a bayan akwati kusa da ramin HDMI.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Sabuwar raiza ta iso. Kafin in buɗe ledar sai da na karanta jikinta sau biyu. Ta fi tsohuwar kauri da tauri, lanƙwasa ta ma sai a hankali, ban yarda na karya ta kwana ba, na bar ta ta yi baka.

Na mayar da BIOS kan Auto, na kunna ina riƙe da numfashi. Ta tashi. GPU-Z da gwaji a kunne ya nuna x8 4.0. Na bar wasa yana gudu awa biyu sannan na buɗe Event Viewer na nemi WHEA-Logger, musamman lamba 17, wadda ke fitowa in hanyar PCIe na yin kurakurai ana gyara su a ɓoye, don raiza na iya kawo hoto alhali tana tuntuɓe a ciki. Babu ko ɗaya. Na ɓare tef ɗin.

Sabuwar matsala kuma, tsakanin fankokin katin da gilashi bai fi faɗin yatsa ɗaya da rabi ba, in na rufe gefen sai fankokin su ɗaga murya, in na buɗe su yi shiru. Ƙarfen da ke riƙe katin yana da wasu ramukan sukuru da za su matsar da shi ciki kusa da madabod, amma ina ganin zai taɓa kular furosesa. Gobe zan auna da rula in gani kafin in sake kwance komai.